Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Zane-zanen Birane da Sanyin Jikin da Suke Sa Mutum

Tambaya:

Ni malamin lakwal ne a Madawa, jihar Tawa, tarihi nake koyarwa. Akwai wasu tsofaffin hotuna guda biyu da nake nuna wa yara, ɗaya na birnin Kano daga kan Dutsen Dala, ɗaya na Agadas da hasumiyarta. Duk sa'ad da na dube su sai in ji jikina ya yi sanyi, kamar na shiga garin da kowa ya tafi gona aka bar tsofaffi. Yaran sun yi mini tambayoyi uku, na rasa ta cewa. Hoto ne ko zane? Da gaske haka garuruwan suke a lokacin? Kuma me ya sa ba mu taɓa ganin irin wannan na Madawa ko Buza ko Keita ba? Don Allah a warware mana.

Daga wani malamin makaranta, Madawa

Amsa:

Allah ya yi wa yaran nan albarka, domin sun tambayi abin da manya da yawa ke wucewa ba su tambaya ba. Ta farkon ita ce mai sauƙi: zane ne. Kyamara ba ta taɓa su ba. An fito da hanyar ɗaukar hoto fili a Faransa a 1839, amma a lokacin kayanta nauyi gare su, ga kwalaben magani, ga tsawon lokacin da ake jira, kuma sai wajen ƙarshen ƙarnin aka iya buga hoton kyamara a cikin littafi cikin sauƙi. Wanda ya ratsa Sahara a kan raƙumi a 1850 alƙalami da takarda ne abin dogaronsa.

Zanen Kano daga Dala da na Agadas da ake yawan gani a littattafan tarihi, asalinsu littafin Heinrich Barth ne, Bajamushen nan ɗan Hambug da ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Ya baro Tarabulus a watan Maris na 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg, a kan aiken gwamnatin Ingila. Ya shiga Agadas a Oktoban wannan shekarar, ya bi ta Tasawa da Katsina, ya isa Kano a farkon Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Abokan tafiyarsa biyu duk a wannan tafiyar suka rasu, shi kaɗai ya koma Turai a 1855. Littafinsa ya fito mujalladi biyar, da Jamusanci da Ingilishi, a 1857 da 1858.

To ga inda maganar take, Malam. Wanda ya ga Kano daban, wanda ya yi zanen da kake nuna wa yara daban. Barth masanin tarihi da harsuna ne, zanensa na ɗan koyo ne: layin dutse a nan, jerin gidaje a can, ɗan rubutu a gefe. Da ya koma gida sai aka miƙa waɗannan takardun ga wani gwanin zane na birnin Munik mai suna Johann Martin Bernatz, shi ya mai da su abin da muke gani yau. Bernatz ya yi tafiye-tafiye, ya je Falasɗinu a 1836 zuwa 1837, ya kuma zauna a Habasha a farkon shekarun 1840. Amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Bai san hazon hunturu ba, bai san launin jar ƙasar Kano idan rana ta take ba, bai taɓa jin ƙarar bugu daga marina ba. Duk inda zanen Barth ya bar gurbi, da abin da ya gani a Gabas da abin da aka koya masa a makarantar zane ya cike shi. Bayan shi kuma ga masu ɗab'i. Hannu uku ke nan kafin zanen ya iso idonka, kuma ka san yadda saƙo ke zama idan ya bi ta baki uku.

Wannan sanyin jikin da ka ce kana ji, wani ɓangarensa daga injin buga littafi ya fito, ko da yake abin zai ba ka dariya. Da dutse ake buga irin waɗannan zane-zanen. Wani mutumin Munik, Alois Senefelder, ya gano dabarar a ƙarshen shekarun 1790. Ana samun faffaɗan farin dutse mai santsi, a yi zane a kansa da alli mai maiƙo, a jiƙa shi da ruwa, sannan a shafa tawada. Tunda ruwa da mai ba sa shiri, tawadar sai ta kama inda aka zana kaɗai, a danna takarda a kai ta kwashe. Kowane launi da dutsensa. Mai son launi goma sai ya tanadi duwatsu goma, ya bi da kowace takarda sau goma. Littafi mai mujalladi biyar ba zai ɗauki wannan tsadar ba, saboda haka ake taƙaitawa ga launuka kaɗan masu laushi: ruwan ƙasa-ƙasa, rawaya mai duhu, shuɗi fari-fari na sama. Waɗannan kuwa su ne launukan la'asar sakaliya. Shi ya sa ko da tsakar rana aka yi ainihin zanen, a littafi sai ya fito kamar an kusa kiran magariba. Ƙara da cewa takardar ta shekara fiye da 160 tana ja, sai kewar ta ninku.

Ɗaya ɓangaren al'adar masu zane ce ta Turai a wancan zamanin. Suna da yadda suke tsara birni a takarda tun kafin a haifi Barth. Canaletto, wanda ya rasu a 1768, ya yi suna da zanen birnin Benis, gine-gine a jere tsaf, mutane ƙanana kamar tururuwa. David Roberts ya zagaya Masar da Sham a 1838 da 1839, aka buga zane-zanensa a Landan a shekarun 1840, suka yi kasuwa ƙwarai. Ƙa'idar ita ce mai zane ya tsaya daga nesa, in da hali a kan tudu, ya ba sararin sama rabin takarda, ya sa 'yan mutane biyu ko uku a gaba, a zaune ko a jingine, don a gane girman abin da ke bayansu, ya kafa wata bishiya a gefe ta riƙe ido. Masu sayen littattafan nan kuma mutanen birane ne masu hayaƙin masana'anta da ƙarar jirgin ƙasa. Abin da ransu ke so su gani shi ne wata duniya da agogo bai shiga ba, inda kowa ke zaune shiru kamar tun zamanin annabawa. Mai zane ya san kasuwarsa, ya ba su abin da suka zo saye.

Sai ka buɗe rubutun Barth ɗin kansa, ka ga wata Kano dabam. A rubuce, gari ne mai hayaniya. Ya ƙiyasta mazaunansa dubu 30, ya ce a watannin fatauci, daga Janairu zuwa Afrilu, sukan kai dubu 60. Ya yi maganar kasuwa cike maƙil, da marina, da masaƙa, da fatake daga Gadamus da Nufe da Borno. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana sa su har Tambutu. Ya yi maganar kududdufin Jakara da ƙazantarsa. Ya kuma yi maganar rumfar da ya ga bayi a jere ana cinikinsu, abin da daga kan Dala ba a hango shi, ba kuma irin abin da ake ƙawata littafi da shi ba ne. Shi kansa mai kallon ba cikin natsuwa yake ba. Ya iso Kano da bashin wuri fiye da dubu ɗari a wuyansa, hajar da ya dogara da ita ba ta da daraja a kasuwa, an sauke shi a wani ɗaki mai duhu a unguwar Dala, ga zazzaɓi ya kwantar da shi. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da ya shiga zanen.

Wannan ba ya nufin a yar da zanen. Ni a ganina, a ɗauke shi kamar mai shaida a gaban alƙali: akwai abin da ya gani da idonsa, akwai abin da ya ji a bakin wani. Inda dutse yake, yadda soraye ke cakuɗe da ɗakunan ciyawa, dabino da gwanda a cikin gidaje, faɗin filayen noma da ke cikin ganuwa ba a gina su ba, duk waɗannan Barth ya gani, ya rubuta su, zanen kuma ya yi daidai da rubutun. A nan shaidarsa karɓaɓɓiya ce. Amma hasken, da shirun, da zaman da 'yan mutanen gaba suka yi, da yadda aka naɗa musu rawani, waɗannan na Bernatz ne. A nan sai a ce masa ya koma ya zauna.

Na Agadas ya ɗan bambanta, kuma a nan dole in yi wa mai zanen adalci. Kewar da ke cikinsa tana da tushe. Barth ya tarar da gari ya ragu ƙwarai daga yadda yake a da, unguwanni da dama sun zama kango, ya ƙiyasta mazauna wajen dubu 7 kacal. Saboda haka shirun Agadas na gaske ne. Sai dai akwai wani abin lura da zai yi wa yaranka daɗi. Hasumiyar da muke kallo a zanen muna cewa tsohuwa, a lokacin sabuwa ce fil. Asalin masallacin na farkon ƙarni na 16 ne, amma a 1844 aka sake gina hasumiyar, shekara shida kafin Barth ya gan ta. Ke nan a tsakiyar garin da baƙo ya ga yana mutuwa, mutanensa sun iya tara ƙasa da itacen goruba da magina suka ɗaga gini mai tsawon mita 27. Baƙo ya ga kango ya ji tausayi, magina kuwa aikinsu suke yi. Ita ce dai har yau ke tsaye, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihin duniya.

Al'adar sa wanda bai je ba ya zana wa wanda ya je ta daɗe bayan Barth. Hafsan Faransa Monteil ya bi ta Sakkwato da Kano a 1891, littafinsa ya fito a 1895, wanda ya yi masa zane kuwa Édouard Riou ne, mutumin da ya yi wa Jules Verne zanen littattafan ƙagaggun labarai, har da wanda jarumansa suka ratsa Afirka a cikin balan-balan. Hannun da ya zana tatsuniya shi ya zana Kano. Kuma yanayin ya sauya da sauyin zamani. A zanen shekarun 1850 Bature baƙo ne, sau da yawa ma ba a ganinsa. A na shekarun 1890 ya dawo tsakiyar takarda, a kan doki ko a gaban sarki, gari ya zama bangon da aka jingina shi. Shekara takwas bayan fitowar littafin Monteil, a Fabrairun 1903, Ingilishi suka ci Kano, a Maris suka ci Sakkwato. Ba na cikin masu ɗora wa Barth laifin duk abin da ya biyo baya. Mutum ne da ya koyi Hausa da Barbarci, ya zauna da malamai, a Gwandu ma ya samu kwafin Tarihin Sudan a 1853 ya kwafi abin da ya iya. Amma wanda ya aiko shi hanyar kasuwa yake nema, kuma taswirar da aka yi don fatake ita soja ya bi.

Yanzu ga tambaya ta uku, wadda na san ita ta fi ci wa yaran tuwo a ƙwarya. Amsarta hanya ce. Masu zanen nan ayari suke bi, ayarin da ya fito daga Abzin zuwa Kano kuma ta Damargu da Tasawa da Katsina yake bi, gabas da ku. Da Barth ya nufi yamma a 1853, daga Katsina ya bi ta Zurmi da dajin Gundumi zuwa Wurno, wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba, cikin fargabar harin Gobirawa, wato kudu da ku. Abin da ya rubuta game da Adar a bakin mutane ya ji shi. Ba wai ƙasarku ba ta da hanya ba ce: raƙuman Kel Geres sun daɗe suna sauko da gishiri ta nan suna komawa da hatsi. Baƙon mai alƙalami ne bai bi ta ba.

Turawan da suka fara shigowa yankin sosai ba zane ya kawo su ba. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, maƙwabciyarku, ta kashe jama'a masu yawa. Masu cinna wa gari wuta ba sa tsayawa su zana shi. Akwai kuma wani abin da ya shafi Madawa kai tsaye. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato suka zagaya da'ira mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Ƙonni da Madawa a ciki suka faɗa, Buza da Keita a waje. Wannan ya tilasta wa Faransawa yin zagaye ta Tawa da duwatsun Adar in za su Damagaram, hanya mai ƙarancin ruwa, suka yi ta ƙorafi har aka gyara iyakar a 1904 da 1906, aka tura ta kudu. Ayarin Faransawa na Tilho, wanda ya kafa alamomin iyakar, shi ya bar rubuce-rubuce masu yawa game da wannan yankin, tafintansa Landeroin ya tattara tarihin sarautun Adar da Gobir da Ƙonni daga bakin dattawa. Amma zuwa lokacin zamanin zanen dutse ya wuce. Taswira da kyamara da rahoton kwamanda suka gaje shi.

Ko da ma mai zanen ya biyo ta wajenku, ina shakkar zai tsaya. Idonsa ganuwa yake nema, da hasumiya, da ƙofar fada. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Abin da ya fi kyau a ginin Adar ba ya cikin jerin abin da aka koya masa ya kira birni. Ina nufin rumbunan nan na ƙasa, manya kamar tulunan ƙattai, da ke tsaye rukuni-rukuni a ƙauyukan Buza da Keita, an ɗora su a kan duwatsu don gara da danshi, bangonsu siriri amma yana ɗaukar hatsin shekara. Duk wanda ya taɓa ganinsu da hantsi a gindin tsauni ya san gwanintar da ke ciki ba ta gaza ta mai ɗaurin guga a soron sarki ba. Kuma duniya ta zo ta yarda da magina na jihar Tawa daga baya: masallacin Juma'a na Yama, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Ka kuma gaya wa yaran cewa rashin zanen Bature ba ya nufin mu ba mu siffanta garuruwanmu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba wani baƙon Bature, Clapperton, taswirar ƙasashen nan a 1824, aka buga ta a Landan a 1826. Kirarin gari da waƙar maroƙa su ma siffantawa ce, kuma sau da yawa sun fi zane faɗin halin gari, domin suna ambaton abin da ake sayarwa da wanda ake tsoro da abin da ake yi wa mutanen wurin ba'a da shi. Zanenmu na hannu kuwa a jikin gini muke yinsa, dagi a goshin zaure, zankwaye a kan soro, kamar yadda ake gani a unguwar Birni ta Damagaram da tsohuwar Zariya.

Matsalar ita ce ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Damina uku ba a taɓa shi ba, ya fara komawa inda ya fito. Wannan ne ya sa ko gurgun zane yake da daraja a wajenmu fiye da yadda yake da ita a garin da aka gina da dutse. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, babu wanda ya zana shi, yau kufai ne. A Jenne ta ƙasar Mali, wani mai ɗaukar hoto daga Dakar, Edmond Fortier, ya ɗauki kangon tsohon masallacin a 1906, shekara guda kafin a sake gina shi, kuma har yanzu masana da waɗannan hotunan suke muhawara kan yadda ginin farko yake. Kano ma tsohon masallacin Juma'arta na ƙasa ya tafi, na siminti ya maye gurbinsa tun farkon shekarun 1950, badala kuma ana ta cinye ta da gine-gine.

Ku ma kuna da irin wannan sauyin a gabanku. Wanda ya san kwarin Majiya kafin a fara dasa layukan dogon yaro a 1975, ko tuddan Keita kafin aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya, wanda mata suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka, zai gaya maka wurin ya sauya kama. Cikin gari kuma bulo da kwano suna korar tubali da azara gida bayan gida.

Ga wata dabara da za ka gwada a aji, ba ta buƙatar kuɗi. Ka ɗauki yara biyar ka kai su gaban wani tsohon zaure ko masallacin unguwa ko rumfunan masu tabarma a ranar kasuwa, kowa ya zana abin da ya gani da fensir cikin minti goma. Ku dawo, ka miƙa takardun ga wasu biyar da ba su je ba, ka ce su gyara su sa launi. Sannan ku koma wurin gaba ɗaya da zanen a hannu. Za su ga bishiyar da babu ita, da jakin da aka ƙara, da kwatar da aka share. Daga ranar ba sai ka sake yi musu bayanin Bernatz ba.

In kuma akwai waya mai kyamara a hannunka, Malam, ka ɗauki wuraren nan tun suna tsaye. Ka shiga kusa, ka bar mutane da awaki da buhunan albasa a ciki, kada ka jira su wuce. A wanke hoton a takarda, domin waya takan ɓata ko ta faɗa ruwa. A bayansa ka rubuta rana da wata da shekara, da sunan unguwa, ka tambayi dattawan wurin sunan maginin da ya ɗora ginin ka rubuta shi ma. In kun yi, ku aiko mana da guda ɗaya mu gani.